Faifai Kafin Bidiyo

Duk mai riƙe da waya a yau ya san faifai. Kullum sai an turo mana faifan bidiyo, ko faifan murya, mu kalla mu tura gaba. Sai dai idan ka tare yaro ɗan shekara goma a Mabera ko Arkilla ka ce ya ɗauko maka faifai, da wuya hankalinsa ya tafi ɗakin girki. Lokacin da garmaho ya shigo ƙasar Hausa, mutane sun ga wani baƙin abu shimfiɗaɗɗe, zagayayye, mai layuka suna kewaya cibiya, sai suka ba shi sunan abin da suke rufe ƙwarya da shi. Daga nan sunan ya hau kan CD, yau kuma yana kan abin da ba shi da siffa ko kaɗan. Haka lefe. Asalinsa kwando ne na kaba, irin wanda mata ke ajiye kayan kaɗi a ciki, kuma a cikinsa ake kai kayan aure. Adudu ya karɓe shi, akwati ya karɓi adudu, amma har gobe lefe muke cewa.

Ni kam ina da dalilin damuwa da wannan kalma. Sana'ata rubuta manhaja ce, ilimin kwamfuta na karanta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma wani ɓangare na kuɗin da aka kashe mini daga faifai ya fito. Kakata ta wajen uwa, wadda duk gida ke kira Inna, tana zaune cikin tsohon garin Sakkwato, tun tana budurwa take saƙa. Duk farkon zangon karatu sai ta aiko a kira ni, ta kwance bakin zane ta miƙo mini abin da ta tara, tana cewa, "Maigida, ungo, ka ƙara da wanga." Ban taɓa jin ta kira shi taimako ba. Kuɗin cefane take cewa, wai tunda miji ya kasa, mata ta ɗauka.

Kaba ganyen goriba ce tun tana ƙarama, kafin ta yi gangar jiki ta miƙe. Wanda masaƙa suka fi so shi ne na tsakiya, wanda bai gama buɗewa ba, domin idan ya bushe yakan yi fari da laushi. Ita goriba daban take a cikin danginta. Dabino da giginya a miƙe suke tafiya, ita kuwa gangarta takan rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu. A aji biyu na jami'a aka koya mana wani tsarin ajiye bayanai da ake zanawa kamar itace mai rassa biyu-biyu, wanda shi ke sa kwamfuta ta gano suna ɗaya cikin miliyan ba tare da ta bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Malamin na zanawa a allo, ni kuwa goribar bakin hanyar ƙauyenmu nake gani.

Tsohuwar abokiyar zaman ɗan Adam ce. A 2007 masu binciken tarihi a Masar suka ba da labarin kwanduna takwas na 'ya'yan goriba da aka samu a kabarin Fir'auna Tutankamun, sun shekara fiye da 3,000. A nan kusa da mu, a jihar Maraɗi, akwai kwari guda da sunanta ya bi, Gulbin Kaba. A gidajenmu kuwa, in aka ce a lissafa abin da kaba ke yi sai a gaji: tabarma, faifai, mafici, malfar manomi da makiyayi, igiyar ɗaure dabba, gammo, sanho, mangalar jaki, tsintsiya. Yara su gwigwiyi goriba, su yi wasa da ƙodago. A kan tabarmar kaba aka raɗa wa da yawanmu suna, a kanta muka fara riƙe allo, kuma a gidaje da dama har yanzu ita ake nema a naɗe mamaci kafin a ɗora shi a makara.

Saƙar faifai daga cibiya take farawa. Inna takan tsaga kaba siri-siri, ta jiƙa ta don kada ta karye, ta ware wadda za ta rina. Ja na asali daga karan dafi ake samunsa, ko da yake yanzu galura ta fi yawa. Sai ta haɗa 'yan tsinkaye su zama hanji, ta naɗe su da zaren kaba, ta lanƙwasa, ta huda layin da ya gabata da basilla ta ɗinke sabo a jikinsa. Haka za ta yi ta kewayawa. Wahalar tana nan: kowane zagaye ya fi na bayansa tsawo, don haka in ana son zane ya tsaya daidai, dole a riƙa ƙara yawan naɗi a kowane launi, a kuma raba ƙarin daidai wa daida. In aka ƙara da yawa, faifai ya yi kunnuwa. In aka rage, ya dunƙule ya koma kamar kwano.

Ga mai rubuta manhaja, wannan umarni ne da ake maimaitawa, da ƙa'idar ƙari a kowane zagaye. Wata rana na ɗauki faifanta guda, na ƙirga naɗin tun daga cibiya har baki, na rubuta ƙaramar manhaja da ke zana irinsa. Ya fito tsaf, har da tauraron tsakiya. Na kai mata ta gani. Ta karɓi wayar, ta nisanta ta da idonta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Shina da kyau, Maigida. Amma ba ya rufe ƙwarya." Da na tambaye ta nawa take ƙarawa a zagaye na bakwai, sai ta yi dariya. "Ni ban ƙidaya ba. Hannu ka ƙidaya." Gaskiyarta. Lissafin ya shiga kwamfuta, amma ƙarfin jan zare, da sanin kabar da ta sha ruwa daidai, da jin inda basilla za ta bi ba ta tsaga layi ba, duk suna cikin yatsunta.

Irin wannan saƙa ba mu kaɗai ke yin ta ba. A jihar Luwiziyana ta Amurka, mutanen ƙabilar Coushatta suna tsince dogayen ganyen wani itace mai kama da allura, su haɗa su hanji, su naɗe, su ɗinka daga cibiya zuwa baki, kamar dai Inna. Bambancin shi ne, a can kwandunan nasu suna shiga gidajen tarihi, ana sanin sunan wadda ta saƙa. A nan, faifan da ya ci kwanaki ana yi, in ya je kasuwa, mai saye zai taya shi kamar albasa, sunan mai shi kuma ya tsaya a zauren dillaliya.

Abubuwa uku ne suka taru a kan sana'ar. Na farko roba. Tabarmar roba ta fi arha, ana wanke ta, ba ta jin ruwa, kuma ba zan ga laifin uwar da ta zaɓe ta ba. Amma duk wanda ya taɓa zama a kanta da azahar cikin watan Afrilu a Sakkwato, zafi ya haura digiri 40, ya san abin da ya rasa. In ta tsufa kuma ba ta ruɓewa, sai ta ƙare a kwata. Na biyu ita kanta kabar. Goribar da ake yanke wa ganye kowace shekara ba ta samun zarafin zama itace, balle ta yi 'ya'ya, ga gonaki da gine-gine suna cin inda take tsirowa. Na uku tsaro. Mai kawo wa Inna kaba ya ce dazukan gabas, wajen Isa da Sabon Birni, ba sa shiguwa yanzu, sai ya koma saro ta ɓangaren Illela. Da aka rufe iyaka da Nijar a watan Agustan 2023, nan ma hanya ta yi tsauri, damin da take saye ya ƙanƙance, kuɗinsa ya ƙaru.

Gyara yana yiwuwa, an kuwa gani. Tun daga 1983 manoma a jihar Maraɗi suka fara barin tohon itatuwa a gonakinsu, suna rage rassa su bar masu ƙarfi su girma, har gonakin da suka zama fili suka sake yin inuwa. Sakkwato kuma tana cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa. Da za a sa goriba a lissafi, a riƙa barin ɗaya ko biyu cikin kowane kurmin kaba su tashi, da masaƙa sun samu abin yi, yara sun samu abin gwigwiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne idon Inna. Ya fara raguwa, yanzu sai da hantsi take iya aiki. Cikin jikokinta mata babu wadda ta iya fara cibiya. Abokaina sun ba ni shawara in ɗauke ta a bidiyo tana saƙa, na kuwa ɗauka, sa'o'i da dama. Amma na san iyakar abin da na ajiye. A sana'armu, manhajar da ba mai kula da ita takan mutu ko da rubutunta na nan cikakke, domin wanda ya san dalilin kowane layi ya tafi.

Shi ya sa muka yi yarjejeniya da yayata. 'Yarta mai shekara goma sha biyu tana zuwa wurin Inna duk Alhamis bayan an taso makaranta, ni ke sayen kaba da galura, kuma duk abin da ta saƙa ni ne mai saye, ba tayi. Na farkon da ta gama ya karkace, gefe guda ya ɗaga kamar kunnen zomo. Inna ta juya shi, ta shafa bakinsa da yatsa, ta ce a kai madafa, zai yi bakace. Na sa hotunan na Inna a WhatsApp da sunan sana'arta da farashin da ita ta yanka, wasu amare biyu sun saya don jere.

In ka shiga kasuwa ka ga tsohuwa da faya-fayai a gabanta, ɗauki ɗaya ka juya bayansa, ka ƙirga zagayen tun daga cibiya. In ka gama ƙirgawa, sai ka tambayi kuɗinsa.