Ranar da Na Tsaya a Mararrabar Pompei

Rana ta take, ƙafafuna sun fara ciwo saboda duwatsun titin, sai Malama ta ɗaga hannu ta ce mu tsaya. Tsohuwa ce mai furfura, ita ke koya mana Italiyanci a Perugia, kuma ita ta matsa sai mun je Pompei, garin da aman dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa. Na ɗauka wani babban gida za ta nuna mana. Ashe kusurwar titi ce kawai, inda wani lungu ya faɗo cikin babbar hanyar da ake kira Via dell'Abbondanza. Ga kwamin dutse na ruwa, ga wani ɗan dakali jingine da bango, a samansa zane ya koɗe.

Ta dube ni ta ce, "Ɗana, me kuke kiran irin wannan wuri da harshenku?"

Na ce, "Mararraba, Malama."

Ta maimaita sau biyu, harshenta na sarƙewa. Sannan ta ce da Latin sunansa compitum, daga kalmar da ke nufin haɗuwa wuri guda. Abin ya tsaya mini a rai tun a nan. Mu Hausawa mun dubi wurin muka ga inda hanyoyi ke rabuwa, su Rumawa suka ga inda suke haɗuwa.

Dakalin nan, in ji ta, wurin sadaka ne ga Lares Compitales, waɗanda Rumawa suka ɗauka su ne masu tsaron unguwa. Kowace shekara, cikin sanyin ƙarshen Disamba ko farkon Janairu, ana bikin Compitalia. Gidaje su kawo waina mai zuma, a rataye 'yar tsana ta ulu a madadin kowane ɗa, a rataye curin ulu a madadin kowane bawa. A ranar bayi ma suna hutawa. Da Sarki Augustus ya ga ƙarfin wannan al'ada, sai a shekara ta 7 kafin haihuwar Annabi Isa ya raba birnin Rum shiyya 14, ya sa kowace unguwa ta riƙa kula da dakalin mararrabarta da sunansa, galibin masu kulawar kuma 'yantattun bayi ne. Ya gane cewa talaka a bakin hanya yake taruwa.

Ni Musulmi ne, bautar nan ba tawa ba ce. Amma ina tsaye sai kakata ta faɗo mini, yadda take hana mu taɓa ƙwarya ko ƙwai idan mun gani an ajiye a mararraba, tana cewa wani ne ya yar da cutarsa. Na gaya wa Malama. Ta daɗe ba ta ce komai ba, daga baya ta ce Rumawa ma suna tsoron irin wurin da dare, har suna yi wa gunkiyarsu Diana laƙabi da Trivia, wato ta hanya uku.

A jirgin ƙasa, muna komawa, ta ɗauki bayan tikiti ta rubuta mini sauran kalmomin. Bivium hanya biyu, trivium uku, quadrivium huɗu. Ta ce malaman Turai na zamanin da sun ari biyun ƙarshe suka sa wa karatu. Trivium shi ne nahawu da manɗiƙi da balaga, matakin farko. Quadrivium, sunan da aka samo daga wani malami mai suna Boethius, shi ne lissafi da ilimin awo da kiɗa da ilimin taurari. Da jin nahawu da manɗiƙi da balaga na tuna zauren malaminmu na gida, inda ake karanta waɗannan ukun da Larabci bayan sallar asuba.

Wanda ya ɓata mini rai shi ne trivialis. Asalinsa abin da ake samu a mararraba, abin kowa da kowa, sai ya rikiɗa ya zama abin raini, har Turancin Ingilishi ya gaje shi da ma'anar abin banza. Ban yarda da wannan hukunci ba a ranar, kuma har yau ban yarda ba. Na ga yadda gefen kwamin ruwan nan ya lotsa saboda hannayen masu jingina su sha. Na sa nawa hannun a gurbin, ya zauna daidai.

Tikitin yana nan cikin littafina, Malama kuwa ta riga mu gidan gaskiya. Mai karatu, idan Allah ya kai ka Pompei, kada gidajen attajirai su cinye maka yini. Ka nemi kusurwar titi mai kwamin ruwa da dakali, ka ɗan tsaya a nan.