Lantarki a Damtse, Gishiri a Akushi

Wanda ya tsallaka gadar Farin Nilu daga Kartum zuwa Umdurman zai iske kasuwar kifi ta Maurada a bakin ruwa. Masuntan can sun san minjirya kamar yadda namu na Yawuri suka san ta, kifin nan mai fizgar hannun wanda ya taɓa shi. Tsoffin Misirawa sun zana ta a bangon kaburburansu. A ƙarni na farko ma wani likitan Rum, Scribonius Largus, ya rubuta cewa a ɗora wa mai ciwon kai wani kifin teku mai lantarki. Ashe tun kafin a ƙera na'ura mutane ke neman lafiya a wajen lantarki.

Ita na'urar, wadda likitocin gashin ƙashi ke kira TENS, na gan ta ne a zauren wani dattijo Bahaushe, kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Kakanninsa sun fito aikin hajji a ƙasa, suka yada zango a Sudan, zama ya kama su. Ɗansa ne ya aiko masa da ita daga Saudiyya, 'yar ƙarama mai batir da faifai biyu masu danƙo. Ya manna mini a damtse, na ji kamar kiyashi na yawo a ƙarƙashin fata, wurin ya yi ɗumi.

"Malam, tunda na sami wannan na ajiye ƙwayar hawan jini," in ji shi.

"Baba, yaushe rabonku da awo?"

Ya yi dariya, ya ce ai jikinsa ne ma'auninsa.

Ɗumin da na ji ba ƙarya ba ne. Idan aka sa na'urar tana bugawa a hankali, sau biyu zuwa huɗu a daƙiƙa, ƙananan jijiyoyin jini na fata kan buɗe, jini ya ƙaru a daidai wurin, kuma masu bincike sun auna hakan da hasken leza. Tana rage raɗaɗi ma, bisa bayanin da Melzack da Wall suka kawo a 1965: saƙon taɓawa yana tare wa saƙon ciwo hanya a laka. Amma hawan jini lamari ne na zuciya da ƙoda da manyan jijiyoyi. Gwaje-gwajen da aka yi da na'urar a kansa ƙanana ne, wasu sun ga ɗan sauƙi na ɗan lokaci, wasu ba su ga komai ba. Mai batir a zuciya bai kamata ya kusance ta ba, kuma ba a manna ta a gaban wuya.

Ana cikin haka aka kawo abinci: ful da gishiri da man riɗi, ga agashe, tsiren da Hausawa suka koya wa Sudan, ga kifin fasikh da aka jiƙa a gishiri. Daɗi kam ba a magana. To amma binciken da aka yi da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2016 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan Sudan jininsa ya hau, kuma hukumar ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5. Zoɓon da masu shayi ke sayarwa a bakin Nilu ma ya fi na'urar hujja, don an gwada shi an ga yana ɗan saukar da jini, in ba a cika masa sukari ba.

Yaƙi ya rufe asibitoci da kantunan magani da dama a Kartum da Umdurman, wasu suka rasa ƙwayar ba da son ransu ba. Mu da kemis ke buɗe a unguwarmu ba mu da uzuri. Mai na'urar nan ya gasa gwiwarsa da bayansa da ita, amma ya riƙa zuwa awo, kuma kada ya ajiye ƙwaya sai likita ya ce.