Guzurin Kalma a Kwanon Ɗan Makaranta

Mu Hausawan zango mun iya ciyar da yaro, wannan ba mai musunsa. Kokon da ake sha da safe daga Kumasi har Ankara da sunanmu ake kiransa. Shinkafa da wake da duk Gana ke kira waakye daga kalmarmu ta wake sunanta ya fito, haka ma tuwon zafi da ƙosai. Uwa a Nima ko Aboabo takan tashi tun kafin kiran salla ta hura wuta, don kada ɗanta ya fita da yunwa. Abin da muke ƙwauronsa shi ne magana mai daɗi ga 'ya'yan cikinmu.

Ƙwauron nan yana da asali. Mun tashi a gidajen da kunya da kara ke mulki. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, uba ba ya yabon ɗansa a gaban mutane, kuma idan yaro ya yi abin kirki iyakarta a ce masa "Allah ya yi maka albarka", sai a juya a ci gaba da aiki. A da wannan ya wadatar, domin yaro yana wuni a tsakar gida, ga kaka mai yi masa wasa da kirari, ga goggo da inna masu lallashi. Abin da iyaye suka haɗiye, dangi suna faɗa a madadinsu. Yau yaro yana fita da sassafe ya dawo da la'asar, ya wuce makarantar allo har magariba. Kaka tana wata unguwa, goggo tana wata ƙasa. Kunyar ta tsaya inda take, masu cike gurbinta sun watse.

Shi ya sa wata ƙaramar ɗabi'a da aka san iyayen Amurka da ita ta cancanci mu dube ta da idon basira. Idan sun haɗa wa yaro abincin makaranta, sai su rubuta layi ɗaya ko biyu a guntuwar takarda su saka a ciki, yaro ya buɗe lokacin tara ya tarar da muryar gida tana jiransa. Wani zai ce wannan shagwaɓar Turawa ce. Mu kuwa muna ganin ta fi dacewa da mu, domin takarda tana faɗin abin da baki ke jin nauyi. Uwar da ba za ta iya duban ɗanta na fari ta ce ya burge ta ba, tana iya rubutawa ta naɗe, kunyarta ba ta taɓu ba, saƙon kuma ya isa.

Guzuri ma ai namu ne tun fil azal. Kakanninmu fataken goro da suka bi hanyar Salaga ba a sallamarsu da ƙunshin abinci kawai, sai an haɗa musu da addu'a da nasiha. Rubutu kuma bai zo mana a baƙunci ba. Alhaji Umaru na Karaci, wanda aka haifa a Kano ya rasu a Kete-Krachi a 1934, da ajami ya rubuta Hausa a wannan ƙasa, kuma malaman zanguna sun daɗe suna aika wasiƙu da shi. Ɗan makarantar boko matafiyi ne shi ma: kullum yana barin harshen gida ya shiga ajin da ake magana da Turanci, filin wasa kuma da Tuwi ko Ga.

A nan ne batun ya wuce ƙarfafa gwiwa kawai. Akwai harsunan gida da gwamnati ta ɗauki nauyin koyar da su a makarantun Gana, irin su Dagbani da Gonja da Ewe da Nzema, kuma Hausa ba ta cikinsu. Yaronmu yana iya kammala sakandare yana jin Hausa sarai, amma bai taɓa ganin ta a rubuce da hannun wanda ya sani ba. Bai san ɓ da ɗ da ƙ ba, sai ya ɗauka harshen iyayensa na ciniki ne da faɗa, na ilimi kuma shi ne na wasu. Guntuwar takarda mai cewa "Ka ci ka ƙoshi, muna tare da kai" tana iya zama darasinsa na farko na karatun Hausa. Idan aka yi sau biyu a mako, kafin shekarar karatu ta ƙare ya karanta jimloli masu yawa ba tare da ya san koyo yake yi ba.

Mun sani ba kowane yaro ke tafiya da kwano ba. Wasu kuɗin abinci ake ba su, wasu kuma suna cin na shirin ciyarwa da gwamnati ta fara a 2005. Takardar tana iya shiga aljihun riga, ko tsakanin shafukan littafi, ko a naɗe ta da kuɗin. Tun da aka mayar da babbar sakandare kyauta a 2017, 'ya'yanmu da yawa suna tafiya makarantun kwana nesa da gida, ɗauke da akwatin katako cike da garin rogo da suga da shito. Wanda ya ɗaga robar gari bayan mako uku ya ga rubutun mahaifinsa a ƙasa, ranar ba zai kwana da kewa irin ta jiya ba.

Amma abin yana da ladubbansa. A taƙaita, domin yaro mai yunwa ba ya karanta huɗuba. A guji mayar da takardar bulala, irin ta "kada ka ba mu kunya a jarrabawa", don wannan ƙarin kaya ne a kan wanda yake ɗauke da shi. A yabi abin da aka gani da ido: ya taya ƙanwarsa wanki, ya tashi da wuri ba a tashe shi ba, ya daure da lissafin da ke ba shi wuya. A naɗe ta a leda kada mai ya jiƙa ta, a kuma ɓoye ta yadda abokai ba za su mayar da ita abin tsokana ba, musamman ga wanda ya fara girma. Idan yaro ya nuna ba ya so, a rage, a bari sai ranar da yake cikin damuwa.

Kada rashin boko ya hana kowa. Uwar da ta yi makarantar allo ta rubuta da ajami, yaron da ke zuwa makaranta da yamma zai iya haɗa baƙaƙen. Wadda ba ta rubutu ta faɗa wa babbar 'yarta ta rubuta. Kada kuma mu ji nauyin cewa Hausarmu ta zango ta bambanta da ta Kano ko ta Damagaram. A rubuta ta yadda ake faɗinta a gida, domin muryar da yaro ya sani ita yake nema.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuma mun fi riƙe maganar wajen horo. Ɗanyen icce yana son ruwa kamar yadda yake son tanƙwarawa. Gobe da asuba, kafin a rufe kwano, a nemi biro da guntuwar takarda a gwada. Allah ya raya mana zuri'a, ya sa su yi alfahari da harshen da aka yi musu albarka da shi.