Daga Bauchi zuwa Alkaleri da Turaku Huɗu

Cikin hunturu muka bar Bauchi da asuba, muka ɗauki hanyar Gombe. Bayan motar cike yake da kaya: naɗin waya, turakun ƙarfe, guduma, batir, jarkar ruwa, buhun gishiri, da na'urar Terrameter ƙirar Suwidin a cikin akwatinta. Muradinmu shi ne mu koyi yadda ake sanin abin da ke ƙarƙashin ƙasa tun kafin a kafa injin haƙa.

Zangonmu na farko wani ƙauye ne kafin gadar Dindima. Ƙasar nan tsohon dutse ne mai tauri, kuma shi kansa ba ya riƙe ruwa. Ruwan yana zama ne a inda saman dutsen ya ruɓe, ko a cikin tsagoginsa. Shi ya sa za a haƙa burtsatse a nan ta yi ruwa, a matsa taku kaɗan a haƙa wata ta fito da ƙura. Mai unguwa ya kai mu gaban wani bututu da aka toshe bakinsa da siminti. Ya ce, "Yarana, wannan kuɗin gyaɗarmu ne na shekara guda."

Malaminmu bai bari mun taɓa na'ura ba sai da muka zagaya rijiyoyin garin, muka zura igiya muka auna zurfin ruwa, muka murza ƙasar da aka tono a bakin kowace.

Aikin kansa haka yake. Ana kafa turaku huɗu a kan layi miƙaƙƙe. Biyun waje suna tura wutar lantarki cikin ƙasa, biyun ciki suna auna abin da ya iso gare su. Duk lokacin da aka ƙara nesanta na wajen, wutar tana ƙara nutsewa, sai a ji labarin shimfiɗar da ke ƙasa da ta farko. Wani Bafaranshe, Conrad Schlumberger, ya fara gwada wannan dabara a Normandi a 1912, kuma tsarin jera turakun yana ɗauke da sunansa har yau. Mun fara da taku ɗaya ko biyu daga tsakiya, muka yi ta ja har mita 100 kowane ɓangare, mai riƙe da waya yana kutsawa cikin karan dawa da ƙaya. Ƙasar rani ta bushe ƙam, wuta ta ƙi shiga, sai mun kwarara ruwan gishiri a gindin kowane turke. Kafin kowane awo mai na'ura yana ɗaga murya ya ce a saki ƙarfe, domin wutar ba ta wasa ba ce. Yaran gari suka zama masu kore mana awaki daga kan waya.

A gindin tsamiya muka ɗiga lambobin a takarda. Layin ya fara daga sama, nan ce marmara busasshiya mai turje wa wuta. Ya gangaro, nan ne ruɓaɓɓen dutse mai damshi. Sai ya miƙe sama, alamar an taɓo dutse mai rai, wanda turjiyarsa kan kai dubbai a ma'aunin om-mita. Na yi murna da kwarin da ke tsakiya, sai Malam ya ce, "Yumɓu ma haka yake gangarar da layi, har ya fi. Kuma yumɓu yana shan ruwa ne, ba ya bayarwa." Wannan magana ita ce ta fi zauna mini a duk tafiyar. Na'ura ba ta ganin ruwa. Lamba take bayarwa, kuma lamba ɗaya tana iya zama abu biyu ko uku. Mai awo da bai leƙa rijiya ba, bai tambayi dattawa inda ciyawa ke daɗewa da kore ba, to da dukiyar talakawa yake caca, ko da na'urarsa ta miliyoyi ce.

Don mu tabbatar da zurfin dutsen, da yamma muka shimfiɗa 'yan na'urorin jin girgiza a jere, aka riƙa dukan farantin ƙarfe da guduma. Girgiza tana rarrafe a sako-sakon ƙasa, 'yan ɗaruruwan mita a daƙiƙa, amma a dutse mai rai tana haura mita 4,000. Lissafin ya zo kusa da na lantarki, hankalinmu ya kwanta. Malam ya ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, a nan muke kyautata zato. Tabbas kuwa sai an haƙa." Aka kafa dutse, aka shafa masa fenti.

Washegari muka haye kogin Gongola. Muna kusantar Alkaleri duwatsu suka ja baya, ƙasa ta baje, ja, mai yashi. Wannan ita ce shimfiɗar da masana ke kira Kerri-Kerri, dutsen yashi mai kauri da ruwan sama ke zurarewa cikinsa, har a wasu wuraren sai an wuce mita 100 kafin a same shi. Muka ja waya har ƙarshenta, layin yana sama bai ko rusuna ba. Mutanen wurin suka matsa a nuna musu wuri ko ta halin ƙaƙa, tunda mata suna tafiya mai nisa kafin su cika tulu. Malam ya ƙi. Ya ce wayarmu ba ta kai inda ruwan yake ba, kuma ba zai sa hannu a kan abin da bai auna ba. Ya rubuta tsawon wayar da ake bukata a littafinsa, ya karɓi lambar mai gari, muka naɗe kaya muka juyo Bauchi.