Mai taɓin hankali yana bukatar mai tsaya masa



In mutum ya karye a ƙafa, kowa ya san abin yi. A nemi mota a kai shi gidan likita, a zauna jinya, maƙwabta su zo dubiya da ƙwaryar fura. Amma in hankalinsa ne ya taɓu, sai a rufe ƙofa a yi shiru. Wani a sa shi a turu, wani a sa masa mari, wani a bar shi yana yawo kasuwa yara suna jifansa. To, ai shi ma ciwo ne, kuma yana da magani.

Ƙanena ya yi wannan ciwo. Ya daina barci, yana magana shi kaɗai. Mun yi addu'a, mun sha rubutu, ban raina su ba. Amma mun haɗa da likita. Daga nan garin aka ba mu takarda zuwa Maradi, ni ne na raka shi.

A can na gane aikin ɗan rakiya ya wuce riƙon jaka. Mara lafiya ba ya iya faɗin yadda abin ya faro. Kai ne za ka faɗa: yaushe ya bar barci, ko ya yi zazzaɓi, ko yana shan tiramol, ko wani abin tsoro ya same shi. Mu nan bakin iyaka, tsakaninmu da Jibiya, wanda ƴan bindiga suka taɓa ɗauka ko suka kashe nasa a gabansa, wani lokaci hankalinsa ba ya komawa daidai. Wannan ma a gaya wa likita.

Kada ka ji nauyin tambaya. Mene ne sunan maganin? Sau nawa a yini? Yaushe za mu dawo? Ni duka na rubuta a littafina, nan na ga ranar karatun yaƙi da jahilci. Wani maganin yana sa wuya ya sandare, hannu ya yi rawa, miyau ya zuba. Mutane da yawa in sun ga haka sai su zubar da shi, su ce ya ƙara ciwo. A'a, a koma wurin likita, zai rage shi ko ya haɗa da wani. Kuma sauƙi ba ya zuwa kwana biyu, sai an yi makonni. Wanda ya daina sha don ya ji dama, sau da yawa ciwon yana dawowa.

Abu guda ya fi mini wuya: in bar shi ya yi magana da bakinsa. In likita ya tambaye shi, sai in kame nawa. Tsaya wa mutum ba ƙwace masa baki ba ne.

Ajiye irin waɗannan mutane kusa da danginsu ba sabon abu ba ne. A 1954, a Aro kusa da Abeokuta, Dakta Thomas Lambo ya riƙa saukar da majinyata a gidajen ƙauyawa, kowa tare da ɗan'uwansa. Da rana su je asibiti, da dare su kwana cikin mutane. Ɗauri kuwa mun ga ƙarshensa. A 2019 ƴan sanda sun buɗe wasu gidaje a Kaduna da Daura, suka tarar da ɗaruruwan mutane, da yawa cikin sarƙa, jiki duk miki. Galibi danginsu ne suka kai su da hannunsu.

Da muka dawo gida wani aikin ya taso. Akwai waɗanda suka ce a sayar da awakinsa, a raba gonarsa, tunda wai ba shi da hankali. Na ce ba za a taɓa ko akuya ɗaya ba sai an tambaye shi. Muka je gaban mai gari da liman, aka bar masa kayansa. Yaran unguwa kuwa, na bi gida gida na yi magana da iyayensu, suka bar kiransa mahaukaci.

Bana shi ya nome gonarsa da kansa, gero da wake. Ranar komawa Maradi tana rubuce a littafina, kuɗin mota kuma yana ajiye wurin matarsa.