Fatsa A Kwazazzabon Nebis

Mu malaman makaranta kullum muna gaya wa yara haƙuri maganin zaman duniya, amma ba mu san nauyin wannan magana ba sai ran da muka tafi fatsa a ƙasar Sikotland, sa'ad da muke can neman ƙarin ilmi.

A cikin watan Yuli ne wani tsohon Bature ya kai mu gindin Ben Nebis, dutsen da ya fi kowane tsawo a Birtaniya, ƙafa 4,413. Nan wani rafi ke gangarowa ta kwazazzabo, ruwansa garau, ga sanyi kamar ƙanƙara. Kifin da ke ciki Turawa na ce masa tarawut. Kada mai karatu ya zaci tarwaɗa ce, wannan ba ya zama cikin taɓo. Ƙwari yake ci, saboda haka akan ɗaura ɗan gashin tsuntsu a ƙugiya ya yi kama da ƙwaro, a jefa bisa ruwa.

Da la'asar ta yi sanyi, iska ta kwanta, sai kifi ya fara tasowa. Ashe ba shi kaɗai ke jiran lokacin ba. Sai ga waɗansu 'yan ƙudaje da ake kira mij, ba su kai ƙwayar gero ba, sun taso kamar hayaƙi. Matan ne ke cizo, don jini suke nema saboda ƙwansu, numfashin mutum kuwa shi ke jawo su. Iskar da ta wuce mil 7 a sa'a takan hana su tashi, amma ran nan ko ganye ba ya motsi.

Kai, jama'a, mun ga tasku! Muka yi ta marin kanmu muna tsalle, inuwarmu ta kori kifin duka. Tsohon nan kuwa ya rufe fuska da ɗan gidan sauro, ya ɗaure bakin hannun riga, ya tsaya cik. Kafin magariba ya kama uku, mu ko ɗaya.

A hanyar komawa muka tuna wani yaro da muka taɓa yi wa bulala don yana mutsu-mutsu a aji, ba mu ko tambaye shi abin da ke cizonsa ba. Kunya ta kama mu. Tun daga ran nan, in yaro ya kasa zama, sai mun bincika tukuna. Allah ya ba mu haƙurin da muke koya wa 'ya'yan mutane, amin.