Faten dankalin Girkawa da na matan Madagaskar ta Yawunde

A Yawunde, babban birnin Kamaru, akwai unguwa mai suna Madagaskar, kusa da kasuwar Mokolo da kuma Briqueterie, tsohuwar unguwar Hausawa inda hayaƙin tsire ke tashi da zarar la'asar ta yi. Matan wannan yanki ba sa rasa kayan miya. Dankalin turawa yana saukowa daga tsaunukan yamma, wajen Dschang da Santa, tumatir daga Foumbot, albasa kuwa daga Marwa da Garwa. Da waɗannan ukun ne Girkawa ke haɗa wani abinci nasu na gida, patates yahni, wanda Bahaushiya za ta kalla ta ce ai faten dankali ne.

Kamannin a ido ne kawai. Bagirkiya tana zuba man zaitun ba ƙyashi, ta soya albasa da tafarnuwa a wuta kaɗan har su yi laushi, ta sa dankali manyan yanka, ta bi da gurzajjen tumatir da ruwa ɗan daidai. Ƙamshin yana fitowa daga busasshen ganyen rigani, wasu su ƙara sandar kirfa. Babu attaruhu, babu dunƙule, kuma ba a yawan juyawa don kada dankalin ya farfashe. Sai ruwan ya tsotse, jan mai ya taso sama, sannan a sauke. Da burodi ake ci, ana dangwalar man, sau da yawa da feta a gefe, wato cukunsu mai gishiri na nonon tumaki.

A gidan Bahaushe kuwa nama ne ke shiga tukunya da fari, a tafasa shi da albasa da citta, romonsa ya zama ruwan faten. Jajjagen attaruhu da tattasai ya biyo, sai ganyen alayyafo daf da saukewa, kuma so ake dankalin ya ɗan dame. Maƙwabta Bamileke ma da nasu salon: su dafa dankali da wake, su kirɓa da manja.

Babban bambancin dai yana wajen naman, kuma azumi ne ya kawo shi. Mabiya cocin Orthodox na Girka suna barin nama da nono da ƙwai tsawon makonnin da ke gaban bikin Ista, haka ma yawancin ranakun Laraba da Juma'a. Dole ta sa suka ƙware wajen girkin ganye da wake da mai, har ya zama wani rukuni da suke kira ladera. Dankalin ma baƙo ne a wurinsu, gwamnansu na farko Kapodistrias ne ya dage a kan noma shi bayan ya hau mulki a 1828. Azumin Musulmi kuwa kame baki ne daga alfijir zuwa magariba, shi ya sa dankali ke zuwa faifan buɗa-baki soyayye da ƙwai, ko cikin farfesu.

Abin da ke da ciwo shi ne yadda tukunyar da babu nama take zama abin jin kunya a gidajenmu, uwargida tana ba baƙo haƙuri tun kafin ya ɗanɗana. Girkawa suna ajiye irin wannan kwano a gaban baƙo kai a sama, kuma a lokacin da nama ke gagarar magidanta da yawa wannan hali ya cancanci koyi.

Man zaitun ne kaɗai cikas, don daga waje ake shigo da shi, da tsada. Man gyaɗa mai kyau zai ɗauki albasa da tumatir, ko da ɗanɗanon zai sauya. Burodi kam ba matsala ba ne a Yawunde, garin da 'yan kasuwar Girka suka zauna a ƙarni na 20, har yau ana sayen burodi a shagunan Acropole da Calafatas.